Shirun da na yi a tsaunin Belledonne

Ni ɗan Damagaram ne, haifaffen unguwar Birni. Har na kai shekara 26 a duniya, ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ake ƙullawa a leda a sayar da yamma in azumi ya faɗo cikin zafi, duwatsun da na sani kuma su ne waɗanda ke zube a tsakiyar garinmu, da muke hawa muna yara. Karatun ilimin ruwa ne ya kai ni Yamai, daga can ya wuce da ni Grenoble a ƙasar Faransa a 2016. Gari ne da ke kwance cikin kwari, duk inda ka waiwaya tsauni ne ke kallonka: Chartreuse ta arewa, Vercors ta yamma, ta gabas kuma Belledonne, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,977. A kan wannan na ukun abin ya faru, cikin watan Afrilun 2022, ranar da dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne ɗayanmu. Na sha ba da labarin da baki, amma akwai wurin da nake tsallakewa kullum. Shi nake so in rubuta yau.

A ɗakin binciken da na sauka akwai wani Bafaranshe mai furfura, wanda ya shafe shekaru yana auna ruwan sama a ƙauyukan da ke kewaye da Yamai. Ranar da na fara zuwa ya miƙo mini hannu ya ce, “Ina gajiya?” Wanda bai taɓa baƙunta a ƙasar sanyi ba ba zai san nauyin kalmomin nan biyu ba. Shi ya tsaya mini na samu ɗakin haya, shi ya ba ni rigar sanyi ta farko. Tun daga lokacin nake ce masa Baba, shi kuma yana ce mini ɗan Damagaram.

Shi ne kuma ya koya mini zamiya a kan dusar ƙanƙara. Shekara biyu na yi ina faɗuwa ina tashi a filayen wasa na Chamrousse, inda ake biyan kuɗi a hau kujerun da igiya ke ja zuwa sama, inda ma'aikata ke fita tun da asuba su tayar da nakiya su zubar da duk dusar da ba su yarda da ita ba kafin a buɗe wa jama'a. Sai a shekara ta uku ya ce na isa shiga dajin tsauni. Can babu kujera, babu ma'aikaci, da ƙafarka za ka hau. Ana manna wata fata a ƙarƙashin allunan zamiyar, gashinta duk ya kwanta gefe guda, sai allon ya yarda ya yi gaba ya ƙi sulalewa baya. Ka yi awa uku ko huɗu kana jan ƙafa, in ka kai sama ka ɓare fatar ka cusa a jaka, ka sauko cikin rabin awa. Mutanen gida sun sha tambayata amfanin wannan wahala, ban kuma taɓa samun amsar da ta gamsar da su ba. Abin da na sani shi ne, in rana ta fara taɓa kawunan tsaunuka, ga shiru ko'ina, babu inda na taɓa jin ƙanƙantata a gaban Allah kamar wurin.

Kafin ya yarda in bi shi sai da ya sa na mallaki abu uku: shebur mai naɗewa, da doguwar sanda siririya mai gaɓa-gaɓa da ake sokawa cikin dusa, da wata na'ura mai girman wayar hannu da Faransawa ke kira DVA. A ƙirji ake ɗaura ta, cikin riga, tana aika sigina ba tsayawa. In dusa ta binne mutum, sauran sai su juya nasu zuwa nema, ta riƙa nuna musu kibiya da yawan mitocin da suka rage. Baba yakan binne jaka da na'ura a ciki, ya riƙe agogo ya ce in nemo. Ran farko na yi minti 22. Bai yi faɗa ba, ya ce, “Gawa ka tono. Sake.” Yana ɗan yaro ne lokacin da zaftarewar dusa ta afka wa masaukin matasa a Val d'Isère ranar 10 ga Fabrairun 1970 ta kashe mutum 39, kuma abin bai bar shi ba. Ya kan tuna mini da binciken da likitoci suka fitar a 1994 a kan waɗanda dusa ta binne a Suwizalan: in an tono mutum cikin minti 15, sama da 90 cikin 100 suna rayuwa, in aka kai minti 35 kuwa sai kamar 30. Jirgin ceto ba ya isowa a wannan ɗan tsakanin. Wanda kuka fito tare, shi ne zai tono ka.

Ya kuma koya mini karanta dusar. Hawa-hawa take a kan tsauni, kowace sauka da tata shimfiɗa, wata ta daskare ta yi tauri, wata garas-garas kamar sukari. In iska ta kwashi sabuwa ta jibge ta a bayan tudu, sai ta manne ta zama falle guda mai kauri. Ka ɗauka an zubar da gero a kan siminti mai gangare, aka shimfiɗa katifa a kai. Katifar za ta zauna lafiya lau har sai wani ya taka. Gangaren da ya fi yin haka shi ne mai digiri 30 zuwa 45, wanda kuma shi ya fi daɗin zamiya. Cikin mutum goma da zaftarewa ke kashewa a irin wannan yawo, kusan tara su ne ko abokan tafiyarsu suka tayar da ita da ƙafarsu. Duk wannan na san shi tun kafin ranar. Na jero shi ne don kada wani ya ba ni uzurin rashin sani.

A tsakiyar Maris na shekarar muka wayi gari sama ta yi jawur. Iska ce ta ɗebo ƙurar Sahara, ta haye teku da ita, ta zube a Sifen da Faransa da Suwizalan. Motoci suka yi butu-butu, tsaunuka suka koma kalar ƙasa. Abokan aiki na ta mita, ni kuwa na tsaya a taga ina shaƙar hunturun gida. Sai dai ƙura tana canza halin dusa. Fara tas tana mayar da hasken rana, mai ƙura kuwa shanye shi take yi, ta narke da rana, ta daskare da dare, har samanta ya zama ɓawo mai santsi. Aka yi kwanaki ana ɗumi, kowa ya ce sanyi ya yi ban kwana. Sai ga shi a farkon Afrilu ya juyo da iskar arewa mai ƙarfi, sabuwar dusa ta sauka a kan ɓawon nan. A daidai lokacin muka ɗauki azumi.

Hukumar yanayi ta ƙasar, Météo-France, tana fitar da sanarwar haɗarin zaftarewa kowace yamma, tsauni-tsauni, bisa ma'auni mai hawa 5 da ƙasashen Turai suka amince da shi tun 1993. Daren da za mu fita na duba, na ga 3. Mutum ya ga 3 cikin 5 sai ya ce ai tsaka-tsaki ne, alhali a matakin nan aka fi mutuwa. A 4 da 5 yawancin mutane zaman gida suke yi. A 3 kuwa sama garau, dusa sabuwa fil, tarkon kuma yana nan a ɗane. Ga kuma halin Afrilu: rana ta riga ta yi ƙarfi, canjin da dusa za ta yi mako ba ta yi ba a Janairu, cikin awa biyu take yin sa. Ƙa'idar wannan lokaci sananniya ce, a yi sammako, a sauko tun kafin hantsi ya dubi ludayi.

Mu uku ne: ni, da Baba, da wata ɗalibarsa 'yar ƙauyukan tsauni wadda tun tana shekara uku take kan alluna. Sun so wata doguwar hanya, amma saboda ina azumi Baba ya canza, ya zaɓi gajeriya a saman ƙauyen Prabert. Ya kuma ce in koma in ɗan rintsa bayan sahur, ba sai mun fita da duhu ba. Kara ya yi mini. Karar nan ce ta sa ba mu ɗaura alluna ba sai wajen ƙarfe tara.

Cikin itatuwa komai lafiya. Da muka fita fili, sama da mita 2,000, ni ne a baya, na fara lura da abubuwa. Dusar ta canza a ƙarƙashin ƙafata, daga gari mai laushi ta koma wani abu mai tauri da ke amsawa kamar an ƙwanƙwasa ƙwarya a kife. Na zo juya kwana, sai tsaga ta fita daga bakin allona ta yi gaba kamar tsawon mutum biyu, siririya kamar an ja reza. Na soka sandar hannuna, ta ratsa taurin sama, ta zurma cikin wani laushi, ta daki ɓawo a ƙasa. Na sunkuya na tona da hannu, sai ga jar ƙurar nan a gindin ramin. Daga duwatsun da ke samanmu kuma dunƙulen dusa na gangarowa suna naɗewa kamar gammo, alamar rana ta fara aiki. Zufa na bin bayana, maƙogwarona ya bushe. Sannan na ji shi, wani “wuf” mai nauyi kamar buhun hatsi ya faɗi a ɗakin maƙwabta, wurin da nake tsaye ya ɗan nutsa da ni.

Na ɗaga kai. Baba na gaba da kamar mita 40, yana tafiyarsa a natse, ɗalibar na biye da shi. Babu wanda ya waiwayo.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Nan ne wurin da nake tsallakewa. Na ce a raina, mutumin nan ya fi shekara 40 yana hawan tsaunin nan, yarinyar nan a nan aka yanke mata cibiya, ni da na zo jiya ni ne zan ce musu a koma? Ai da ɗan gari akan ci gari. An tashe mu a kan cewa yaro ba ya gyara wa babba tafiya a gaban mutane. Sannan ga wanda ya fi nauyi: saboda ni aka sauya hanya, saboda ni aka makara. In na ce a juya, za su ɗauka azumi ne ya kayar da ni, a tausaya mini, gobe a fita ba a gayyace ni ba. Ban so a faɗi haka a kaina ba, ban kuma so a faɗi haka a kan azumi ba. Sai na kira abin kawaici, na haɗiye, na ci gaba da jan ƙafa.

Gab da wuyan tsaunin akwai wani gangare da dole a ratsa shi a kaikaice. Baba ya tsaya ya ce mu bar tazara, ɗaya sai ya haye sannan ɗaya ya shiga. Wannan umarnin ne ya sa ba mu uku aka binne ba. Ya shiga, ya kai tsakiya. Ban ji wata babbar ƙara ba. Tsaga ce kawai ta buɗe a samansa daga wannan dutse zuwa wancan, gangaren gaba ɗaya ya farfashe kamar tangaran, ya tafi da shi. Na ga jar rigarsa sau biyu, na ga allo ɗaya ya yi sama. Ina ta salati da ƙarfi ban san ina yi ba. Duka-duka bai fi daƙiƙa 20 ba. Da hazon ya lafa, inda fallen ya tashi ya bar fili jawur, kalar ƙasar garinmu. Can ƙasa kuwa tarin dunƙule ne fari fat, babu ja ko ɗigo.

Ɗalibar ce ta daka mini tsawa: “Juya na'urarka!” Hannuna na rawa, sai da na cire safar hannu da haƙori. Ta kira 112, lambar neman agajin gaggawa, ta duba agogo ta faɗi lokacin da ƙarfi, 11:42. Muka gangara ta kan ɓawon zuwa inda na ga rigar a ƙarshe. Na'urar shiru, shiru, sai ta yi ƙara: 38. Na bi kibiya. 20. 11. Na cire alluna ina tuntuɓe a kan dunƙulen da har sun daskare kamar bulo. 4. Na durƙusa ina jan ta a kan dusa, gaba, baya, dama, hagu, yadda aka sa ni yi sau ba adadi a kan jaka. Ta tsaya a 1.2 ta ƙi sauka. Ɗalibar ta harhaɗa doguwar sandar ta fara sokawa, a suka na biyar ta ce, “Ga shi.” Muka bar sandar a tsaye.

Ba a haƙa daga saman mutum, kada a danne 'yar iskar da ta rage masa. Ta gefen gangare ake farowa a nufo shi. Wanda bai taɓa sa shebur a dusar zaftarewa ba zai ɗauka kamar auduga take, alhali ta fi kama da fako da rani, sai ka sare ta bulo-bulo ka jefar. Kafin ka isa ga wanda ke zurfin mita ɗaya sai ka kwashe fiye da tan guda. Ina yaro na taɓa ganin an taru a bakin rijiyar da ta rufta da mai haƙa, maza na kwasar ƙasa da kwando da hannu, mata na kuka a gefe, ba a kuma same shi da rai ba. Fuskokin mutanen nan ne suka riƙa zuwa mini. Ina sara ina cewa Ya Hayyu Ya Ƙayyum, in numfashina ya ƙare ta shiga gaba ni in koma kwasa, har na fara jin ɗanɗanon jini a bakina.

Jakarsa muka fara samu, sannan kafaɗa. A kife yake, kansa ƙasa. Muka yar da shebur muka koma hannu. Fuskarsa ta yi shuɗi, bakinsa cike da dusa a dunƙule. Na sa yatsu biyu na ƙwaƙule ta. Ɗalibar ta kara kunnenta a bakinsa. Can sai ya yi wani gurnani, ya ja numfashi kamar wanda aka shaƙe, ya fara tari. Ta duba agogo, 11:53. Minti 11.

Ba mu ja shi ba, don ƙafarsa ta dama ta karkace ta inda ƙafa ba ta karkacewa. Muka tone kewayensa, muka tura jakunkuna a ƙarƙashinsa, muka lulluɓe shi da bargon ceto mai ƙyalli da rigata. Jirgi mai saukar ungulu ya iso da masu ceto da likita kamar minti 40 bayan kiran, suka yi aikinsu tsaf, Allah ya saka musu. Likitan ya tambayi minti nawa ya yi a ƙasa, da aka faɗa masa sai ya gyaɗa kai. Bayan jirgin ya tashi jikina ya kama karkarwa ba ƙaƙƙautawa, ɗalibar ta miƙo mini shayi mai zafi daga gorarta. Na sha. Na rama azumin bayan Sallah.

Ƙashin cinyarsa ne ya karye, da haƙarƙari uku. A wurin aiki kowa sai ya tare ni ya rungume ni, wai na ceci rai. Kowane yabo kamar an watsa mini barkono a ido. Kwana tara ban yi barcin kirki ba. Ran na goma na je asibiti bayan la'asar, na ja kujera kusa da gadonsa na ce, “Baba, akwai abin da na ɓoye maka.” Na zayyana masa komai, tsagar, da ramin, da ƙurar, da ƙarar. Ya daɗe yana kallon rufin ɗakin. Sannan ya ce shi ma ya ji ƙarar. Ya ji, amma ya riga ya yi mini alkawarin kai ni wuyan tsaunin in leƙa ɗaya gefen, bai so in sha wahalar azumi a banza, ya kuma ce a ransa in da matsala ɗaya daga cikin yaran nan zai yi magana. Daga baya muka tambayi ɗalibar. Ita ma ta ga dunƙulen da ke gangarowa, ta yi shiru don malaminta ne a gaba. Mu uku kowa ya gani, kowa ya jingina da ɗan'uwansa.

Na ce, “Ka yafe mini, Baba.” Ya kama hannuna, cikin 'yar Hausarsa ta tsince-tsince ya ce, “Babu komi, ɗan Damagaram. Amma ka yi magana.”

Na ba wani ɗan'uwa labarin a masallaci, ya ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda, na kuma yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Sai dai Allah ya nuna mini alama har huɗu da idona da kunnena, bai kuma ɗaure mini harshe ba, ni na ɗaure shi. Kunyar da aka koya mana a gida abu ce mai daraja, ina so 'ya'yana su tashi da ita. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce abin da na yi ranar kunya ce. Tsoron a raina ni ne, na sa masa rigar ladabi, kuma saura ƙiris wani ya biya da ransa.

Shekara guda bayan haka, ranar 9 ga Afrilun 2023, zaftarewa ta kashe mutum 6 a Armancette, a yankin Mont Blanc, biyu daga cikinsu ƙwararrun jagororin tsauni ne, a ranar da ma'aunin yake kan 2. A Faransa kaɗai, in an daidaita shekaru, kimanin mutum 30 ke tafiya ta wannan hanya duk shekara. Na zauna gaban talabijin ina kallon jiragen ceto, na kasa cin abincin buɗa baki.

Ban daina hawa ba. Amma yanzu tun a wajen ajiye mota nake tara waɗanda za mu tafi tare in ce, duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya faɗa, ko ba shi da dalili, ko shi ne ƙaraminmu, kuma a nan za a juya. Sau uku ke nan ana juyawa a bakin wani sabon shiga. Na baya-bayan nan wani ɗalibi ne ɗan Mali, saura kamar mita 150 mu kai sama ya ce, murya ƙasa-ƙasa, wurin nan bai yi masa ba. Muka ɓare fata a nan muka sauko. Baba kuwa ya warke, yana ɗan ɗingishi, ya koma yawo a shimfiɗaɗɗun hanyoyin Vercors.

Inna ban faɗa mata ba sai da na je gida bayan shekara biyu. Muna zaune a tsakar gida bayan isha'i na ba ta labarin tun daga farko, har da wurin da nake tsallakewa. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, “Tsohon yana da 'ya'ya?” Na ce biyu, da jika ɗaya. Ta tashi ta yi alwala ta shiga ɗaki, na ji ta daɗe a kan sallaya. Ranar da zan koma, bayan an gama ɗaure kaya, ta fito da wani ƙunshi daban, kilishi da dabino a cikin sabon ɗankwali, ta ce wannan ba nawa ba ne, in kai wa tsohon hannu da hannu, in ce tana gaishe shi da jiki.